Ɗaki Ɗaya, 'Yan Haya Biyu: Sharhi Kan Hayar Dandamali Da Horon Wasa A Makarantun Gusau

Akwai wata ƙungiyar matasa 'yan wasan kwaikwayo a Gusau da ke yi wa makarantun sakandare wani aiki da ba a saba gani ba. Idan makaranta za ta yi bikin yaye ɗalibai ko ranar raba kyaututtuka, sai ta ɗauke su haya. Su ne za su kawo rubutaccen wasa, da mai horarwa ɗaya da zai riƙa zuwa har tsawon mako uku, da bangon dandamali na katako, da kayan sauti a ranar taro. 'Yan wasan kuwa ɗaliban makarantar ne, babu ɗan ƙungiya ko ɗaya da ke hawa dandamali. Wasan da suka fi bayarwa wani tsohon wasan barkwanci ne na Ingila mai suna Box and Cox, wanda suka mayar da shi Hausa, suka kuma zaunar da shi a wani gidan haya na cikin gari.

Tun daga farko mu faɗi inda muka tsaya. Ta fuskar horo da aikin kafinta, kuɗin da makaranta za ta biya ba su tafi a banza ba, domin 'yan ƙungiyar sun gane cewa ran wannan wasa a ƙofofi yake, da murhu, da taga. Amma kayan sautinsu ba su dace da wasan ba, kuma rabin ƙarshe na rubutun yana da wuraren da dole a gyara kafin a tara iyaye.

Ba za a gane dalilin wannan hukunci ba sai an san inda wasan ya fito. John Maddison Morton ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a gidan wasa na Lyceum da ke Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1847. Fitowa ɗaya ce tak, a ɗaki ɗaya, da mutum uku. John Buckstone ya fito a matsayin Box, John Harley ya fito a matsayin Cox, sai mai gidan haya, wata mata da ake kira Bouncer. Box ma'aikacin maɗaba'a ne, yana kwana wurin aiki ya dawo da safe. Cox mai yin huluna ne, yana fita da safe ya dawo da dare. Matar nan ta ga banza ta faɗi, sai ta ba su hayar ɗaki ɗaya, kowa na biya cikakke, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Sukan yi kiciɓis a kan matakala kawai. Kowa na ƙorafin gawayinsa da ashanarsa na ƙarewa, Cox kuma na jin warin taba a ɗakinsa alhali shi ba ya sha. Ranar da maigidan Cox ya ba shi hutu ya dawo da hantsi, ranar asiri ya tonu.

Morton bai ƙago wannan dabara da kansa ba. A wancan zamani marubutan Landan sun saba ɗauko wasannin Faris su canza musu riga. Shekara ɗaya kafin nan, a 1846, Eugène Labiche da Auguste Lefranc sun fitar da Frisette a gidan wasa na Palais-Royal, inda masu raba ɗakin mace da namiji ne: ita mai saƙar leshi, shi ma'aikacin gidan burodi mai aikin dare. Morton ya mayar da su maza biyu, ya cire soyayyar da ke tsakaninsu, ya bar rikicin zalla. Wasan ya karɓu har aka yi wa Sarauniya Biktoriya shi a fadar Windsor a 1849. A 1866 F. C. Burnand da Arthur Sullivan suka sa masa waƙoƙi, suka juya sunan ya koma Cox and Box, kuma da yake taron maza ne aka fara yi wa shi a wani gida, sai mai gidan haya ta koma tsohon soja, Saje Bouncer.

Abin da ya kai shi ƙasashen da Ingila ta mallaka ba wani abin mamaki ba ne: arha ce da sauƙin ɗauka. Hafsoshin bariki da ma'aikatan mulki da 'yan kasuwa a Indiya, da Hong Kong, da Ostireliya, da Kanada, da Afirka ta Kudu sun riƙa kafa ƙungiyoyin wasa na sa-kai don ɗebe kewa da tara kuɗin taimako. A Simla, garin tudu da gwamnatin Indiya ke komawa lokacin zafi, ƙungiyarsu ta samu gidan wasa na Gaiety a 1887. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ƙwararru, ba su da kayan canza fage, mata kuma sun yi ƙaranci, har maza kan sa kayan mata su fito. Wasa mai mutum uku, ɗaki ɗaya, wanda ba ya kai awa guda, kuma mace ɗaya tilo da ke ciki namiji zai iya ɗaukar matsayinta, ai an zo musu da abin da suke nema. Rubutun kuwa ana samun sa a 'yan ƙananan littattafan da Thomas Lacy ke bugawa a Landan a kan sisi, ɗauke da bayanin tufafi da inda kowace ƙofa take da inda ɗan wasa zai tsaya. Samuel French ya sayi wannan kasuwanci a 1873 ya ci gaba da shi. Littafin yana shiga aljihu, ya hau jirgin ruwa.

Waɗannan dalilai su ne dai suka sa ya dace da makarantar Gusau a yau. Makarantar maza zalla ba ta buƙatar neman yarinya, ta mata zalla kuma 'yan mata uku sun isa. Labarin duka a safiya ɗaya yake faruwa, don haka babu buƙatar fitilun canza dare da rana, abin da ya yi daidai da yadda makarantu suka koma yin tarukansu da rana.

A fassarar ƙungiyar, Cox ya zama mai wanki da ɗinkin hula a kasuwa, Box ya zama mai kwaɓa fulawa a gidan burodi, mai gida kuma tsohon soja ne da suke kira Baba Saje. Zaɓin gidan burodi ya yi kyau ƙwarai, domin kowane yaro a garin nan ya san masu burodi da dare suke aiki, kuma ga shi ya mayar da wasan ga sana'ar da ke cikin tushensa na Faransa.

Bangon ɗakin allo takwas ne, kowane ƙafa 4 faɗi, ƙafa 8 tsawo, wato girman filawud guda ba a yanka ba. Firam ɗin katakon tu-bai-tu ne, an rufe fuskar da filawud siriri. Huɗu a baya, biyu-biyu a gefe, an ɗan buɗe na gefen waje don na zaune a kusurwa su ga cikin ɗaki. Uku suna da ƙofa, ɗaya yana da taga, huɗu sumul. Haka tsarin yake a asali: ƙofar shigowa daga waje, da ƙofar ɗan lungun da kowane ɗan haya ke ajiye kayansa. Ana buƙatar fili mai faɗin ƙafa 20 da zurfin ƙafa 14, da ƙarin ƙafa 4 a bayan bango inda masu taimako za su riƙa wucewa. Yawancin dandamalin siminti na zaurukan makarantunmu ba su kai wannan zurfi ba. Idan haka ne, gara a kafa a ƙasa, a zaunar da sahun gaba a kan tabarmi, da a matse bayan bango har yara su riƙa karo da tokara.

A nan ne aikin kafintansu ya burge mu. A wasa irin wannan ana buga ƙofa da ƙarfi sau da yawa, kuma idan allon ƙofa a ɗaure yake tamau da na kusa da shi, duk bugu ɗaya sai bangon gaba ɗaya ya yi rawa, 'yan kallo su koma kallon bango su bar magana. Su sun yi wa kowace ƙofa firam nata na tu-bai-fo, da tokara biyu masu kusurwa uku a baya, an danne kowace tokara da buhun yashi. Tsakanin allon ƙofa da maƙwabcinsa an bar ɗan tsagi kamar kaurin yatsa, an rufe shi da ƙyalle mai launin bangon. A ƙasan bakin ƙofa akwai falalen ƙarfe siriri da ya haɗa ƙafafun firam ɗin biyu, don kada su buɗe ƙofar ta daina shiga. Hinjin kowace ƙofar gefe yana ɓangaren da ke nesa da 'yan kallo, kuma waje take buɗewa, saboda haka ita ƙofar da kanta ce ke kare bayan fage idan an buɗe ta. Babu sakata, babu makulli. Ɗan maganaɗisu ne irin na kabad ke riƙe ta, yaro ya tura da kafaɗa ko da hannuwansa biyu na riƙe da kaya.

Aibi ɗaya a nan shi ne fenti. Fentin mai suka shafa, mai sheƙi, kuma idan hasken rana ya shigo ta tagogin zaure sai ya daki bangon ya dawo idon mutane, fuskar ɗan wasa ta dushe. Fentin ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ya kamata. Makaranta na iya neman a yi haka, ba wani kuɗi ba ne.

Gado yana tsakiyar bangon baya, kuma dole ya kasance da labule mai kauri. Wasu kan ce a rataya gidan sauro, tunda shi aka sani. Ba zai yi ba, domin ana hango mutum ta cikinsa, kuma dukkan dariyar tana kan cewa mai hula bai san akwai mutum kwance a gadonsa ba. Ƙungiyar na amfani da gado mai rumfa da labulen atamfa ninki biyu. Mai horarwa ya sa a bar silifas ɗin mai burodi a ƙarƙashin gado, suna ɗan leƙowa, 'yan kallo na gani, mai hula na gittawa ta kansu sau uku bai duba ƙasa ba. Wannan ƙari nasu ne, kuma ya yi daidai.

Sai wurin gashi, wanda shi ne zuciyar wasan. A asali Box naman alade ya zo da shi, Cox kuma tsokar rago. Sun bar ragon, sun mayar da ɗayan kifi, suka ce na dam ɗin Bakalori ne. Ga yadda abin ke tafiya. Mai burodi ya shigo ido jajur, fulawa a gira, ya zaro kifi daga takardar siminti, ya girgiza kwalin ashana ya ji tsinke ɗaya ya rage, ya yi tsaki ya ambaci Baba Saje. Ya hura kurfoti, ya ɗora kifin a kan waya, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, ya ja labule. Ƙofar waje ta buɗe, mai hula ya shigo da fara'ar wanda aka ba hutu, ya tarar da wuta na ci da kifin wani a kan wayarsa. Ya cire shi da yatsa biyu ya aje a faranti, ya ɗora namansa, ya shige lungunsa ɗauko kofi ya bugo ƙofa. Bugun ya tada mai burodi. Ya ga nama a inda ya bar kifi, ya ɗauke shi ya wurga ta taga, ya mayar da kifinsa, ya shige nasa lungun. Mai hula ya fito, ya sake ganin kifi, shi ma ya wurga shi ta taga. Sannan su fito a tare, kowa da kofi a hannu, su yi ido huɗu.

"Malam, mi kaka yi ɗakina?"

"Ɗakinka? Bawan Allah, ni ad da ɗakin ga!"

Da bakin Zamfara aka rubuta maganganun, kuma wannan kaɗai ya jawo rabin dariyar, don yaran ba sa jin suna karanta littafi.

Abin da mai horarwa ke koyarwa a nan ƙirga ne. Idan ƙofar ɗaya ta rufe, a ƙirga ɗaya, biyu, sannan ɗayar ta buɗe. Yana tsayawa gefe yana tafa hannu har sai abin ya zauna a jikin yaran. Idan aka riga ƙirgan, 'yan hayan sun ga juna tun lokaci bai yi ba, labari ya mutu. Idan aka makara ko da daƙiƙa uku ne, fage ya zauna babu kowa, dariya ta huce, sai an sake hura ta daga farko. Wanda ke bayan ƙofa ba ya ganin fage, da kunne yake aiki, shi ya sa bugun ƙofar ya zama dole ya fita da ƙarfi. Yana kuma koya musu jiran dariya: kada ka yi magana a kan tafi, ka tsaya da fuskarka yadda take, sai hayaniya ta fara sauka ka shigo da kalmarka kafin ta mutu gaba ɗaya. Ɗalibai sun fi faɗuwa a nan, domin da zarar abokansu sun fashe da dariya su ma sai su murmusa.

Ba a kunna wutar gaske a tsakanin filawud da labule. Tocila ce a naɗe da jar leda a ƙarƙashin gawayi, da turaren tsinke biyu a soke don hayaƙi. Kifi da nama na soson katifa ne da aka yanka aka yi wa fenti, an tsaga cikinsu an cusa ƙullin yashi kamar cikin tafin hannu. Ba don yashin ba, soso ba ya tafiya, fankar sama ma na iya karkatar da shi ya faɗo cikin ɗaki. Tagar ƙafa 2 ce da rabi kowane gefe, daidai ƙirjin yaro, kuma akwai mai jira a baya da kwando da aka shimfiɗa wa tsumma. Suna kawo kifi ɗaya da nama ɗaya kawai. A nemi uku-uku, don a mako uku na jifa sai sun yage.

Horon zama 12 ne, kwana huɗu a mako, awa ɗaya da rabi bayan la'asar. Makon farko karatu da hadda a zaune. Mako na biyu a zana ɗakin da alli a ƙasa, kujeru su tsaya a madadin ƙofofi. Mako na uku da kayan hannu, babu takarda. Suna horar da mutum shida, wato kowane matsayi da wanda zai maye gurbi idan ta ɓaci, da yara biyu na bayan bango, da mai tuni ɗaya da ke zama da rubutu kusa da murhu ta baya. Tsarin ya yi, sai dai wuri ɗaya da ya ɓata shi: ba sa kawo bangon sai ana gobe taro. Kujera ba ta da nauyin ƙofa, ba ta da ƙara, ba ta hana ka ganin fage. Yaron da ya yi mako biyu yana kewaya kujera, ranar da ya fara taɓa ƙofar gaske ƙirgansa rushewa yake yi. Duk makarantar da za ta ɗauke su ta sa a rubuce cewa allunan ƙofa uku za su iso aƙalla kwana uku kafin taro, ko da sauran za su biyo baya.

Akwai kuma matsin da ke zuwa daga makarantu: mutum uku sun yi kaɗan, kowane uba na son ganin ɗansa. Don su gamsar da shugabannin makaranta, ƙungiyar kan ƙara maƙwabta biyar ko shida da ke shigowa rabon faɗa. Wannan ƙari yana kashe gudun wasan, kuma yana ɓata hankalin labarin, don in da gidan na da maƙwabta masu shiga ɗaki haka, da tuni wani ya tsegunta wa 'yan hayan. Masu wasan bariki na da can sukan jera gajerun wasanni biyu ko uku a dare ɗaya. A yi haka: sauran yaran su yi nasu na minti goma kafin a fara, ko da irin na tashe ne ko na 'yan kama, a bar ɗakin ga mutum uku.

Kayan sauti su ne inda aikin ya fi rauni. Makirfo biyu na hannu suke kawowa da ɗaya na maƙalawa a wuya. Mutumin da zai riƙe kofi, ya ɗauki kifi, ya ja labule, ya tura ƙofa, da wane hannu zai riƙe makirfo? Sakamakon shi ne yaro ya aje shi a teburi ya yi aikinsa, maganarsa ta ɓace, ya dawo ya ɗauka. Sannan sukan girke lasifika a bayan 'yan wasa, jikin bango, sautin ya fito ya koma cikin makirfo, ƙara ta tashi mai huda kunne. Lasifika gaban layin dandamali take zama, tana fuskantar jama'a. Janareta kuma a kai shi kamar taku 40 daga zaure, bayan wani gini, da waya mai kauri, a tanadi lita huɗu na fetur don gwaji da taro. Idan zauren bai wuce mutum 200 ba, shawararmu a kashe kayan sautin gaba ɗaya, a kashe fankokin da ke saman dandamali, a koya wa yaran jefa murya zuwa bangon ƙarshe. Haka aka yi wasan shekaru da dama kafin a san makirfo. Idan taron ya fi haka, sai na wuya uku, da sababbin batura da aka sa a safiyar ranar.

Rabin ƙarshe na rubutun shi ne ke buƙatar zama da malamin Hausa da malamin addini na makaranta. A asali, bayan faɗan ɗaki, sai ta bayyana cewa mutanen biyu mace ɗaya suka yi wa alkawarin aure, wata bazawara mai dukiya, kuma kowa gudunta yake yi. Box ya tsere mata ne ta hanyar barin tufafinsa a bakin teku don a ɗauka ya kashe kansa. Sai su yi caca a kan wanda zai ɗauke ta, kowa da ɗan ludonsa na maguɗi da ke faɗawa shida kullum, sannan da kuɗin ƙarfe mai kai biyu. Wasiƙa ta zo cewa ta nitse a haɗarin jirgin ruwa ta bar wa wanda za ta aura dukiyarta, nan take kowa ya ce shi ne angon. Wasiƙa ta biyu ta ce tana raye, kowa ya janye. Ta uku ta ce ta auri wani daban.

Ƙungiyar ta gyara biyu daga cikin waɗannan da kyau. Mai burodi ci-rani ya tafi Kurmi ya sa aka aiko cewa ya ɓata, babu zancen kisan kai. Cacar ta koma ƙuri'ar tsinken ashana, dogo da gajere, kowa na ɓoye da nasa dogon a hannun riga. Amma sun bar haɗarin jirgin ruwa yadda yake, kuma wannan kuskure ne babba. Mutanen Warra a Kebbi sun yi rashi mai yawa a irin wannan haɗari a 2021, na Gummi sun yi nasu a 2024. A zauren makarantar kwana ta jihar nan ba za a rasa wanda abin ya taɓa gidansu ba. Da an karanta wasiƙar sai ka ji zaure ya yi tsit, kuma dariyar ba ta dawowa da ƙarfinta. A mayar da shi jita-jitar rashin lafiya a wani gari mai nisa, wadda daga baya aka gano sunan wata ce aka rikita.

Zancen gadon dukiya ma bai zauna ba. Duk ɗalibin da ya yi karatun Islamiyya ya san wanda ba a ɗaura masa aure da mace ba ba ya gadonta, kuma za ka ji ana faɗin haka a sahun baya. Maganinsa layi ɗaya ne: wasiyya ta bari, sulusin dukiyarta ga wanda ya yi mata alkawari. Shari'a ta yarda da wannan, kwaɗayin 'yan hayan kuma yana nan daram. Haka nan akwai wurare uku da samarin ke ɗaga wa Baba Saje murya da kalmomin da saurayin Zamfara ba zai faɗa wa sa'an ubansa ba, ko da ya cuce shi. Sun fi ban dariya idan suna cewa "Baba, don girman Allah" suna haɗiye fushi, shi kuma yana kiran su "yarana" yana kawo labarin fareti don ya kauce wa tambaya.

Suna raba wa baƙi takarda shafi ɗaya kan tarihin wasan. Tunanin ya yi kyau, amma ta ce Morton ne ya ƙago labarin, ba ta ambaci Faransa ba, ta kuma haɗa wasan 1847 da mai waƙa na 1866 kamar abu ɗaya ne, alhali Baba Sajensu daga na biyun ya fito. Kuma tunda ɗaliban Zamfara za su karanta, ya kamata ta nuna musu cewa rubutaccen wasan Hausa ma ta ƙofar makaranta ya shigo a zamanin Turawa: Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa a shekarun 1930, Abubakar Tunau na Talatar Mafara ya rubuta Wasan Marafa a shekarun 1940. Malamin Hausa zai iya gyara takardar cikin awa ɗaya kafin a buga.

Kuɗin kashi uku ne, na horo, da na bango, da na sauti, kuma suna yarda a ɗauki biyu a bar ɗaya. Rabi ake biya kafin a fara. Ɗauko allunan a wuyan makaranta yake, kuma allo mai ƙafa 8 ba ya shiga Keke Napep, sai akori-kura, sawu ɗaya zuwa ɗaya dawowa. Kwafi uku na rubutu suke bayarwa, alhali mutum tara ke buƙata ban da malami. A yi magana tun farko kan wanda zai biya idan hinji ya karye, da kuma ko makaranta na da izinin sake yin wasan baɗi da kanta. Morton ya rasu a 1891, asalin wasan ba mallakar kowa ba ne yanzu, amma Hausar gumin 'yan ƙungiyar ce, a nemi yardarsu. Kada a kafa bangon a fili lokacin hunturu ko farkon damina. Allo mai faɗi haka iska ɗaukar sa take yi, buhun yashi biyu ba su riƙe shi.

Ƙarshen wasan sun same shi daidai, kuma shi ne wurin da ya fi wuyar koyarwa. A asali Box ya tambayi Cox ko yana da wani tabo a damtsen hagu, Cox ya ce babu, sai Box ya ce ashe shi ne ɗan'uwansa da ya ɓata. Tsokana ce ga wasannin ban tausayi na wancan zamani, inda ake gane ɓataccen ɗa da tabo, kuma masu kallon fina-finan Indiya a nan sun san wannan salo sarai. A Hausar, mai burodi ya kama hannun mai hula, murya na rawa, ya tambaye shi ko yana da tawadar Allah a damtsen hagu. Mai hula ya naɗe hannun riga a hankali, ya duba, ya juya hannun, ya sake dubawa, ya ce babu. Mai horarwa ya hana mai burodin yin ko da murmushi a nan, ya sa shi ya ƙirga uku a zuci yana kallon damtsen, sannan ya ɗago da idon mai shirin kuka ya ce shi ma ƙanensa ba shi da ita. Da yake babu labulen gaba a yawancin zaurukan, Baba Saje ne ke rufe wasan: ya shigo tsakaninsu suna rungume da juna, ya miƙa hannu biyu, dama da hagu, yana jiran kuɗin hayar wata.